Randar Iya Basira

Ran da muka dawo daga gaisuwar rasuwar Iya Basira, muna cikin adaidaita sahu, 'yata Sadiya ta juyo ta ce min ita fa har yau ba ta manta da wulaƙancin da matar nan ta yi min ba. Na ce ta rufe min baki, ko ƙasar kabarin baiwar Allah ba ta bushe ba. Maganar ta tsaya min a rai, domin na gane abin da kuka riƙe ke nan, ku 'ya'yana gaba ɗayanku: wai Iya ta juya min baya ne don baƙin ciki, saboda ni aka ɗauka aikin ƙungiya ita ba a ɗauke ta ba. Ban san wa ya dasa muku wannan ba, ko da yake ina zargin gwaggonku, don bakinta ba ya zama wuri ɗaya. To ba haka aka yi ba. Zan rubuta muku yadda aka yi tun ina da sauran ido, don kada in bi ta ku ci gaba da ɗora wa matacciya abin da ba ta yi ba.

Na zo Fagge ina amarya, ban san kowa ba sai mahaifinku, shi ma ɗin da safe zai fice kasuwar Singa sai magariba. Ƙofar gidanmu tana kallon ta su Iya. Sunanta Mulikatu, amma tunda ta haifi Basira babu wanda ya ƙara kiran ta da shi. Iyayenta daga ƙasar Yarabawa suka zo, ita kuwa a nan lungun aka yanke mata cibi, Hausarta ta fi tawa kaifi, in tana ciniki a rumfarta ta atamfa a kasuwar Kwari sai ka rantse 'yar cikin birni ce. Ita ta fara leƙo ni da kwanon abinci, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce wannan 'yar siririyar ce za ta riƙe gida? Daga ranar muka ƙulle. Ita ta yi min wankan jegonku duka, ita ta kwana da ni a asibiti lokacin haihuwar Auwalu, kuma ita kaɗai ce a duniya take iya cewa mahaifinku bai kyauta ba ya sunkuyar da kai.

Sai kun san gidanta za ku gane sauran labarin. Ban taɓa ganin mace mai tsafta irin Iya ba. Tsakar gidanta za ka iya zuba tuwo a ƙasa ka ci. A ƙarƙashin rumfa, gefen ƙofar ɗakinta, akwai wata tsohuwar randa da ta gada wurin uwarta, rufe da faifai, da moda rataye a jikin ƙusa. In baƙo ya zo, ba a nan ake ɗebo masa ruwa ba. Shimfiɗa za a yi masa a falo, a kawo masa ruwa a kofin gilashi bisa faranti, daga baya da ruwan leda ya shigo gari sai a aika a sayo masa. Randa ta 'yan gida ce. Ni kuwa in na shiga, ko sallamata ba ta gama sauka ba na ɗauki moda na kafa kai, ina sha tana yi min tsiya, wai ni dai ban san hanyar randar gidanmu ba. Shekara da shekaru muna haka.

Ruwan da ke cikin randar na rijiyar gidan ne. Duk lungunmu haka muke. Famfon gwamnati sai ya ga dama yake zuwa, gidaje kuma a matse suke, rijiyar wannan tana jingine da masan wancan, babu yadda aka iya. Ni da na yi aiki a ƙaramin asibitin unguwa har na yi ritaya, na san abin da damina take kawo mana. Da ruwa ya sauka, benci zai cika da uwaye rungume da yara, gudawa da amai, idanu sun faɗa. Mu haɗa ruwan gishiri da sukari, wanda ya galabaita a sa masa ƙarin ruwa, wanda kwanansa ya ƙare a naɗe shi a zane a fita da shi. Mun saba har abin ya daina ba mu mamaki.

Bayan na bar aiki ne wata ƙungiya ta shigo unguwar da aikin ruwa da tsafta. Ba zan tauye musu haƙƙi ba, sun yi ƙoƙari. Suka haƙa burtsatse a bakin titi, suka ɗora tanki, suka jera famfuna, suka raba bokiti mai famfo da sabulu, suka tara mata ana koya musu wanke hannu. Da aka ce a zaɓi shugabar kwamitin mata, babu wadda aka kalla sai Iya. Suka ɗauke ta hoto tana wanke hannu da fara'arta, aka buga shi babba aka manna a bangon asibiti da jikin tankin. Mata suka sa mata suna Uwar Tsafta. Ta ji daɗin abin nan ƙwarai, har sabon gwaggwaro ta ɗaura ranar da aka buɗe famfunan, ta tsaya gaban jama'a ta ce daga yau an daina shan rijiya a Fagge.

Abin da ba a lissafa da shi ba, burtsatsen yana bakin titi, mu kuwa muna can ƙuryar lungu. Tun asuba layin jarkoki ya kai wurin masu shayi. Macen da za ta buɗe rumfa a kasuwa ba ta da lokacin tsayawa, kuma da damina kurar 'yan garuwa ba ta iya shigowa lungunmu saboda taɓo da ƙunci. Sai kowane gida ya koma sayen jarka ɗaya a ajiye ta gefe don baƙi da fita kunya, sauran sha da girki a koma wa rijiya. Kowa ya sani, babu mai faɗa.

Da aikin ya kwana biyu, ƙungiyar ta ce lokaci ya yi da za a auna ko ya yi amfani. Suna neman matan da suka san unguwa kuma suka san harkar lafiya, aka ba da sunana. Wadda aka sa mu a ƙarƙashinta wata yarinya ce 'yar ƙabilar Ibo mai suna Ngozi, haifaffiyar Sabon Gari, iyayenta suna da shagon kayan wuta a kasuwa. Sa'ar Sadiya ce, Mama take kira na, amma a wurin aiki ba ta da wasa. Ita ta koya mana yadda ake yi. Za ki shiga gida ki yi tambayoyi, ki duba banɗaki, ki duba ko akwai sabulu a wurin wanke hannu, sannan ki roƙi ruwan sha ki zuba a wata 'yar kwalba mai magani a ciki, ki rufe. In ruwan mai kyau ne, haka zai zauna. In ƙazantar masai ta taɓa shi, bayan kwana ɗaya ko biyu kwalbar za ta yi baƙi ƙirin. Ta kuma gaya mana abin da ke tafe: in sakamako ya nuna kowa yana shan ruwa mai kyau, za a rufe aikin Fagge a wuce wata unguwa. In bai nuna ba, akwai sauran abin da aka tanada don a ja bututu zuwa inda ruwan bai kai ba.

To, a nan Hausanci ya yi mana aiki. Don girmamawa, ofis ya riƙa sanar da mai unguwa ranar da za mu zo, shi kuma ya sa a yi shela. Mu shiga gida mu tarar an share, an yayyafa ruwa, an kunna turaren wuta. Sabulu yana zaune a gefen bokiti, rubutun jikinsa ko gogewa bai yi ba. In muka ce a ba mu ruwan sha, uwar gida ta zabura ta ɗauko jarkar nan ta baƙi, wata ma ta aika a sayo na leda mai sanyi. Ba yaudarar mu suke yi ba, ku fahimce ni. Wace mace ce za ta ga baƙi daga ofis, da jaka da takardu, ta miƙa musu ruwan randa? Ko ni ce haka zan yi. Muka yi ta jera kwalabe a kan teburin Ngozi, duk garai-garai, alhali in na biya ta asibiti in gaida tsofaffin abokan aikina bencin nan a cike yake kamar kullum.

Wata rana da la'asar Ngozi ta tsaya tana kallon kwalaben, ta ce:

“Mama, a Sabon Gari na tashi, na san ruwan da ake ba baƙo, na san wanda ake sha. Wannan ruwan baƙi ne muke ta aunawa.”

Na ce mata ai na sani. Ta ce manyanta ba za su karɓi sani na baki ba, sai abin da kwalba ta nuna, kuma a ƙarshen watan za a tura rahoto. Gidana ba ya cikin lissafi tunda ni ma'aikaciya ce. Muka gwada roƙon wasu mata su bari mu ɗiba daga randa, kowacce ta ce ai su sun daina shan rijiya tuntuni, ga jarka nan. Wata ma ta ce mu je mu tambayi Uwar Tsafta, abin da take sha shi suke sha. Ngozi ta juyo ta dube ni, don ta san tsakanina da Iya.

Ban yi mata sata ba, wannan ina so ku riƙe. Na je na same ta bayan ta dawo daga kasuwa, tana zaune tana matsa gwiwoyinta da man zafi, na zayyana mata komai. Na tuna mata jikarta Nafisa, 'yar Basira da take riƙo, wadda a daminar nan kaɗai sau biyu ana sa mata ƙarin ruwa, ni da ita muka zauna a bakin gadon. Ta ce ai tana tace ruwan da farin ƙyalle, tana jefa masa alimun ya kwanta. Na ce na sani, ni ma shi nake sha, amma abin da ke kwantar da yara ƙyalle ba ya tare shi. Sai ta ce:

“Rabi, hotona ne a bangon asibitinku. Ni na tsaya gaban mata na ce an daina shan rijiya. Yanzu ki ce in fito in ce ni ma ita nake sha?”

Na ce babu mai rubuta sunanta, lamba kawai ake sa wa kwalba. Ta yi wata 'yar dariya, ta ce a wannan lungun ne lamba za ta ɓoye mutum?

“Kuma mutanen nan alheri suka yi mana, ba mu roƙe su ba. Sai mu dube su mu ce bai isa ba? Ban iya wannan ba. Ki bar ni da mutuncina, don Allah.”

Da don Allah ta rufe. Ban ce mata to ba, ban ce a'a ba, na tashi na tafi. Na gaya wa mahaifinku, ya ce shi babu ruwansa, amma in tuna ruwa ana samun sa ko ba jima ko ba daɗe, irin Iya kuwa ba a haƙo ta a bakin titi. Na ji haushinsa a ranar, na ce shi bai taɓa naɗe ɗan mutane a zane ba.

Ranar da layi ya zo kan gidanta, muka shiga da hantsi, ni da Ngozi da mata biyu 'yan kwamiti da suke yi mana rakiya. Iya ta ci ado, ta yi mana shimfiɗa a falo, ta amsa tambayoyi tiryan-tiryan. Da aka zo maganar ruwa ta kawo shi a kofin gilashi bisa faranti, Ngozi ta zuba a kwalba ta rufe. Ana shirin tashi sai Nafisa ta fito daga ɗaki, 'yar abu duk ta rame, ta wuce mu ta ɗaga faifan randa, ta ɗibi ruwa a moda, ta riƙe da hannu biyu tana sha. Ina kallon maƙogwaronta yana motsi. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na je na karɓi modar daga hannunta kamar yadda na saba, na ɗiba na sha, sannan na ciro kwalba daga jakata na zuba sauran a ciki, a gaban kowa.

Babu wanda ya isa ya yi haka a gidan nan sai ni, kuma da wannan damar na yi amfani. Iya ba za ta hana ni randarta a gaban baƙi ba, na san da haka. Na juyo muka haɗa ido, ina jiran ta zage ni, wallahi da ta zage ni da na ji sauƙi. Sai kawai ta ce:

“Ki mayar da faifan, kada ƙuda ya faɗa.”

Kwalbar ta yi baƙi. Ngozi ta cika alkawari, babu suna a ko'ina, amma matan nan biyu da bakinsu suka zo. Kafin Juma'a labari ya kai Kwari. A wani biki aka ce wata ta ɗaga murya ta ce a matsa wa Uwar Tsafta ta zauna, aka kwashe da dariya. Iya da kanta ta aika aka cire hotonta daga bangon asibiti da jikin tanki, ta kuma ajiye shugabancin kwamiti, ta ce gwiwoyinta sun hana ta yawo. Abin mamaki, daga nan aiki ya buɗe. Ngozi ta sa aka daina shela, muka koma shiga gida babu sanarwa, muna tambayar ruwan da yara suka sha yau da safe. Matan da suka rantse mana da jarka su ne suke jan mu zuwa randa, suna cewa tunda ta Iya ma ta yi baƙi, su wa za su ji wa kunya? Kwalabe suka yi ta baƙi a kan teburin nan, rahoto ya tafi da gaskiya. Ba a rufe aikin ba. Kafin wata daminar aka ja bututu cikin lungu, aka kafa famfo, kuma da yake nan ne wuri mai faɗi, a jikin katangar Iya aka kafa shi. Wannan famfon da yaran lungu suke wasa a gindinsa ke nan. Ban ƙirga ba, amma da idona na ga bencin asibiti ya ragu.

Na bari ƙura ta lafa sannan na shiga wurinta, da maganganun da na kwana ina shiryawa. Ta amsa sallamata da fara'a, ta tambayi mahaifinku, ta tambaye ku ɗaya bayan ɗaya. Ina nufar rumfa sai ta ce in shigo falo mana. Ta shimfiɗa min darduma, ta leƙa waje ta aika. Can sai ga ruwan leda guda biyu bisa faranti, an ajiye a gabana. Na dubi farantin, na dube ta. Ta ce in sha mana, da sanyinsa. Na fasa leda na sha, muka yi hirar tsadar atamfa, na tashi.

Haka muka ƙarasa sauran shekarunmu. Ba ta taɓa gaya min baƙar magana ba, ba ta taɓa kai ƙarata wurin kowa ba. Bikin Sadiya ita ta kawo atamfar anko a farashin sari, ta wuni a kan tukunya. Da mahaifinku ya rasu ta yi kwana bakwai tana shigowa. Duk wani haƙƙin maƙwabtaka ta sauke shi har da ƙari. Amma ta daina yi min tsiya, ta daina kira na siririya, kuma duk ranar da na taka gidanta, falo ne da faranti. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na ce mata, Iya, ki yafe min. Ta ce me na yi mata? Ai ga famfo nan kowa yana sha, Allah ya saka min da alheri. Ban ƙara tayar da maganar ba.

Kuna tambaya ko da za a mayar da ni ranar zan sake. Na juya wannan tambayar har na gaji. In na tuna Nafisa, wadda yanzu take goye da nata, sai in ce zan sake. In na tuna yadda Iya ta ce don Allah tana matsa gwiwa, sai in rasa amsa. Abin da na tabbata da shi kawai, ba baƙin ciki ta yi min ba. Abu ɗaya ta roƙe ni a duk zamanmu, na hana ta, kuma da hannun da ta sake wa randarta na hana ta. Na yi kewar matar nan tana raye, ƙofarta tana kallon tawa, kewar da ta fi wadda nake yi yanzu ciwo.

A ciwonta na ƙarshe na shiga duba ta. An fito da ita rumfa don ta sha iska, tana kwance dab da randar, wadda yanzu da ruwan famfo ake cika ta. Ta rame, magana ma da ƙyar. Na zauna a gefenta na riƙe mata hannu, ba ta janye ba, har na ce a raina yau dai an wuce wurin. Zafi ake yi, ƙishirwa ta kama ni, na miƙa ɗaya hannun wajen ƙusa. Sai ta buɗe ido, ta tattaro ɗan ƙarfin da ya rage mata, ta ce:

“Nafisa, kawo wa baƙuwa ruwa.”

Ran gaisuwa, Sadiya, kina can falo cikin mata ba ki gani ba. Na fito rumfa ni kaɗai. Randar tana nan a rufe da faifanta, modar tana rataye inda take. Babu mai hana ni a ranar. Na daɗe a tsaye ina kallon ta, sannan na koma ciki na zauna, aka miƙo min ruwan leda na karɓa.